Huɗu ga Mayu ko Biyar ga Afrilu? Yadda Kwamfuta Ke Karanta Kwanan Watanmu

Wasu 'yan kasuwar albasa a nan Kumasi suka nemi in haɗa musu ƙaramar manhaja da za ta riƙa kula musu da bashi. Harkar albasa harka ce ta amana. Mota ta taso daga Nijar, ta ratso Burkina Faso, ta sauke kaya, masu sari su ɗiba, kuɗi sai an sayar. Abin da ake rubutawa a littafi ko a turo ta waya bai wuce layi guda ba: wane ya ɗauki buhu kaza, zai biya ranar kaza. Aikina shi ne manhajar ta karanta layin nan, ta ciro ranar biya, idan ranar ta wuce ta tura wa mutum saƙon tuni.

Akwai wani dattijo da ya girmi mahaifina, aka rubuta masa 4/5. Magatakardan ƙungiya yana nufin huɗu ga Mayu, kamar yadda kowa a Gana zai fahimta. Ɓangaren da na ɗauko na dasa a cikin manhajar domin karanta kwanan wata ya ɗauke shi a matsayin biyar ga Afrilu. Kusan wata guda kafin wa'adinsa ya cika, saƙo ya shiga wayarsa cewa ranar biya ta wuce. Ba ya karanta boko, jikansa ne ya karanta masa a gaban mutane. Washegari ya sa aka kira ni rumfarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, duk shekarun da na yi a kasuwar nan ba a taɓa aiko mini a kan bashi ba. Wa ya ce na saɓa alkawari?" Na ce, "Baba, babu wanda ya faɗa. Aikina ne ya yi kuskure, a gafarce ni." Ya yafe, amma maganar ba ta bar zuciyata ba, domin abin da na taɓa mutuncinsa ne, kuma a kasuwa mutunci shi ne jari.

Abin da ya fi damuna da na koma na bincika shi ne manhajar ba ta nuna alamar shakka ko kaɗan ba. Da ta tsaya ta ce ba ta gane ba, da mun gyara a minti ɗaya. Zato ta yi, ta ajiye zaton kamar tabbas, ta wuce.

Tushen rikicin sananne ne. Mu a Gana, da Najeriya, da Nijar, da Ingila, da Faransa, rana muke fara rubutawa, sai wata, sai shekara. Amurkawa wata suke sa wa a gaba. Sin da Japan daga shekara suke farawa. Kayan aikin da masu rubuta manhaja ke ɗaukowa kyauta a intanet, da yawansu bisa al'adar Amurka aka saita su, sai in kai ka canza. Ɗauki ranar da kowane ɗan makaranta a ƙasar nan ya haddace, 6/3/1957, ranar 'yancin kai. Kwamfutar da ke bin al'adar Amurka za ta ce uku ga Yuni ne. Akwai ma wanda ya fi wannan rikitarwa. Ranar 1/7/1960 Gana ta zama jamhuriya, ranar 7/1/1993 aka kafa Jamhuriya ta Huɗu. Ɗaya ga Yuli da bakwai ga Janairu, duka biyun ranakun tarihi ne a wurinmu, kuma kowace juyin 'yar'uwarta ce. Wanda ya ga 1/7 a takarda babu shekara, ko mutum ne sai ya tambayi wanda ya rubuta.

Ga lissafin da ya sa kuskuren ke daɗewa a ɓoye. Wata goma sha biyu ne a shekara, saboda haka duk lambar da ta haura 12 ba za ta zama wata ba. Idan makaranci, wato ɓangaren manhajar da ke karanta kwanan wata, mai sassauci ne, ya ga 25/5, zai gwada 25 a matsayin wata, ya ga ba ta yiwuwa, ya juya da kansa ya karanta daidai. Rikici yana cikin ranakun farko goma sha biyu na kowane wata, wato ranaku 144 a shekara. A cire goma sha biyu irin su 1/1 da 2/2, waɗanda ko an juya ba sa canzawa, saura 132. Ke nan a cikin kwana 365, sama da kashi ɗaya bisa uku ne kawai za su fito a juye, ragowar su fito lafiya. Idan ka gwada manhajarka ranar ashirin ga wata da bayanan makon nan, komai zai yi kyau, ka miƙa wa masu ita da kwanciyar hankali. Ni haka ta faru da ni. Littafin bashi ya cakuɗe, wasu layuka daidai, wasu a juye, kuma babu wata alama a fuskarsu da ke bambanta su.

Yana da kyau a san abin da makarancin nan ke yi a ciki. Idan aka ba shi rubutu kamar "Laraba 6 Mar 57 da ƙarfe 4", zai fara yayyanka shi gunduwa-gunduwa, kalmomi daban, lambobi daban, alamomi daban. Sai ya duba kowace gunduwa a jerin sunayen da ya sani, ko sunan wata ce, ko sunan rana. Lambobi kuwa da siffarsu yake gane su: mai gurbi huɗu galibi shekara ce, wadda ta haura 31 ba rana ba ce, biyu da ɗigo biyu a tsakaninsu lokaci ne. Har nan babu laifi. Ɓarnar tana zuwa a matakai biyu na ƙarshe, inda yake yanke hukunci a kan abin da ke da fuska biyu, da inda yake cike gurbin abin da ba a rubuta ba. Ba a faɗi shekara ba, sai ya sa ta bana. Ba a faɗi lokaci ba, sai ya sa sha biyun dare. Ba a faɗi gari ba, sai ya ɗauki agogon kwamfutar da yake zaune a kanta. Abin da yake miƙo maka a ƙarshe cikakke ne har da sakan, alhali rabinsa shi ya ƙirƙira, kuma ba ya gaya maka wane rabi.

Kowane kayan aiki da nasa halin. A Python, ɗaya daga cikin yarukan rubuta manhaja, akwai wani ƙunshin kayan aiki sananne mai suna dateutil, wanda in ba ka umarce shi ba wata yake sa wa a gaba. Yana da maɓallin da ake kunnawa a ce masa rana ce farko, amma ko an kunna, idan ya ci karo da abin da ba zai yiwu a hakan ba, juyawa yake yi bai ce komai ba. A yaren PHP kuwa alamar da ka raba lambobin da ita ce ke yanke hukunci: 4/5/2024 Afrilu ne, 4-5-2024 Mayu ne. Wane magatakarda ne a unguwar Aboabo ta Kumasi zai san cewa ɗan karan da ya ja tsakanin lambobi zai matsar da ranar biya da wata guda? Ƙunshin pandas, wanda masu nazarin alƙaluma ke amfani da shi sosai, a da kowane layi yake yi wa nasa zato, sai a 2023 aka gyara shi ya riƙa ɗaukar tsari ɗaya ga dukkan jeri, ya yi ƙorafi idan wani layi ya saɓa. A ganina wannan gyara ya fi sababbin dabaru goma amfani.

Excel shi ne wanda ya fi shafar mutanenmu kai tsaye, domin shi ke ofishin makarantar Islamiyya, da na ƙungiyar direbobi, da na masu adashi. Shi saitin ƙasar da ke kan kwamfutar yake bi. Kwamfutocin gwanjo da ake shigowa da su sau da yawa da saitin inda suka fito suke zuwa, babu wanda ya taɓa. Idan saitin na Amurka ne, ka rubuta 4/5 zai mai da shi biyar ga Afrilu, ka rubuta 25/5/2024 ya bar shi a matsayin rubutu kawai tunda bai gane ba. Akwai hanya mai sauƙi ta kama shi: abin da ya ɗauka kwanan wata yana jingina shi a dama cikin akwati, abin da ya bari rubutu yana hagu. Idan ka ga jerin ranakunka wasu dama wasu hagu, tsaya ka duba kafin ka lissafa wa kowa komai.

Kada wani ya zaci ƙarancin boko ne ke jefa mu a wannan rami. Masana ƙwayoyin halitta sun faɗa ciki. Akwai ƙwayoyin gado masu sunaye irin su SEPT2 da MARCH1, waɗanda Excel ke mayarwa biyu ga Satumba da ɗaya ga Maris da zarar an shigar. Wani bincike da aka buga a 2016 ya gano kusan ɗaya cikin biyar na maƙalun da ke ɗauke da irin waɗannan jadawalai sun gurɓata ta wannan hanya. A 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya haƙura ya canza sunayen, MARCH1 ya koma MARCHF1. Masana suka sauya sunan abin da ke jikin mutum saboda manhaja ta ƙi daina zato.

Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da Jon Postel, ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin intanet, ya rubuta a 1980. Ma'anarta ita ce ka tsananta a kan abin da kake fitarwa, ka sassauta a kan abin da kake karɓa daga wasu. Ƙa'idar ta taimaki intanet ta girma, kuma ina girmama ta. Sai dai sassauci iri biyu ne. Karɓar "6 Maris", da "6 ga Maris", da "Mar 6" a matsayin abu ɗaya sassauci ne mai kyau, tunda ma'anar ba ta da fuska biyu. Karɓar 4/5 ba tare da sanin wanda ya rubuta ba kuwa caca ce da haƙƙin wani. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Shekara mai lamba biyu ita ma da nata. Wanda ya rubuta 57, wace 57 yake nufi? Excel yana ɗaukar 00 zuwa 29 a matsayin wannan ƙarni, 30 zuwa 99 ƙarnin da ya wuce, don haka zai ce 1957. Ƙa'idar da Python da tsarin Unix ke bi a 69 ta yanka, saboda haka a wurinta 57 tana nufin 2057. Dattijon da aka haifa shekarar 'yancin kai sai ya zama ba a haife shi ba tukuna. Wannan ita ce matsalar da ta tayar wa duniya hankali gab da shekarar 2000, ba ta mutu ba, ta dai koma ƙananan littattafai.

Duk abin da na faɗa zuwa nan ya shafi kowa a duniya. Inda namu ya bambanta shi ne mu ba da lambobi muka fi faɗin lokaci ba. Ka duba saƙonnin da direbobi da dillalai ke aikowa: "mun taso jiya da Asuba", "in sha Allahu jibi muna Kumasi", "zai biya bayan Sallah", "a haɗu bayan La'asar". Na sha jin 'yan'uwana masu wannan sana'a suna cewa mutanenmu ba su iya faɗin lokaci ba. Ban yarda ba. Harshen da ke da kalma guda ga kowace rana daga shekaranjiya, jiya, yau, gobe, jibi, gata har citta, da bara da bana da baɗi, bai rasa daidaito ba. Abin da waɗannan kalmomi ke buƙata shi ne turke, wato lokacin da aka faɗe su da wurin da aka faɗe su. "Jibi" ba ta da ma'ana sai ka san yaushe mai maganar ya yi ta. Manhaja da yawa suna ƙirgawa daga lokacin da suka karanta saƙo, alhali direban yana iya rubuta shi a dajin da babu sabis, saƙon bai shigo ba sai bayan kwana guda. Turken shi ne lokacin rubutawa.

Ko an sami turken ma da sauran aiki. Mutumin da ya rubuta "gobe" da ƙarfe ɗaya na dare, ga kwamfuta sabuwar rana ta riga ta shiga tun sha biyu, sai ta ƙara kwana ɗaya a kai. Shi kuwa mai maganar bai kwanta ba, gobensa ita ce idan gari ya waye, sa'o'i kaɗan masu zuwa. Ranar Bahaushe da kwana ake ƙirga ta. Sai kuma lissafin addini, inda dare ke gabatar rana. Idan malami ya ce za a yi karatu daren Juma'a, yana nufin bayan Magaribar ranar Alhamis. Wani matashi da ya tashi a boko zai iya rubuta kalmomin nan biyu yana nufin daren da ke biyo bayan sallar Juma'a. Tazarar kwana guda cif a cikin kalmomi iri ɗaya, kuma babu ƙa'idar nahawu da za ta raba gardamar, sai sanin mai magana da abin da ake magana a kai.

"Bayan La'asar" kuwa ba aya ce guda a kan agogo ba, fili ne, daga idar da salla zuwa kusan Magariba. Makarancin da ya mai da ita 16:00 ya yi ƙarin da ba a sa shi ba. Daidai shi ne a ajiye ta da farko da ƙarshe. A Kumasi abin yana da ɗan sauƙi tunda muna kusa da tsakiyar duniya, Magariba ba ta nisa da ƙarfe shida duk shekara. Amma ɗan'uwanmu da ke Hambug ko Landan, La'asarsa ta lokacin zafi da ta lokacin sanyi sa'o'i ne a tsakaninsu.

Na daɗe ina fama da kalmomin da ke da ma'ana biyu a rubuce. A baki karin sauti da tsawon wasali suna raba wasunsu, a rubutu kuwa babu. Citta rana ce ta huɗu daga yau, citta kuma kayan yaji ce da ake sayarwa buhu-buhu a kasuwar da nake wa aiki. "Citta buhu biyu" ba alkawarin rana ba ne. Laraba rana ce, Laraba kuma sunan mace ne, "Laraba ta biya" ba ya nufin an biya ranar Laraba. "Wata" tana nufin watan kalanda, tana kuma cikin "wata mota" da "wata mata". "Bana" shekarar nan ce, amma mutane da yawa haka suke haɗe "ba na" idan suna sauri, "bana zuwa". Gata ma haka, Mayu ma haka. Akwai yanayin da makaranci ke tsallake duk kalmar da bai sani ba ya tsinci abin da ya yi kama da kwanan wata. A Turanci ma yana da haɗari, a Hausa ya fi, domin kalmominmu na lokaci gajeru ne kuma suna yawo cikin zance na yau da kullum. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce duba maƙwabtan kalma. Idan "ranar" ta gabaci Laraba, rana ce. Idan "ga" ta shiga tsakanin lamba da Mayu, wata ne. Idan buhu ko kwano ya biyo citta, kaya ne.

Sannan saƙon zango ba harshe ɗaya ba ne. Layi guda zai ɗauko Hausa, da Turanci, da Tonanci (harshen Ashanti), wani lokaci da Faransancin dillalin Yamai ko Wagadugu wanda ke rubuta 14h30. Sunan wata ma ba a rubuta shi iri ɗaya: Fabrairu, Faburairu, Fabarairu, Afrilu, Afirilu. Akwai taskar bayanai ta ƙungiyar Unicode mai suna CLDR, wadda wayoyi da kwamfutoci ke ɗaukar sunayen watanni da ranaku daga cikinta, kuma Hausa tana ciki, har da rabe ta Najeriya, da Nijar, da Gana. Abin alheri ne. Sai dai an tsara ta ne domin kwamfuta ta rubuta mana kwanan wata da kyau, kuma rubutu ɗaya take bayarwa ga kowane suna. Karanta abin da mu muka rubuta da hannunmu aiki ne daban. A ƙirgen kwanaki ma maƙwabtanmu suna da nasu. Kalmar mako a Tonanci, nnawɔtwe, asalin ma'anarta kwana takwas, domin suna haɗawa da ranar farawa. Zagayen kwanakin da ake yin bikin Akwasidae a Manhyia, fadar sarkin Ashanti, sunansa adaduanan, wato kwana arba'in, amma kwana 42 ne, mako shida. Bafaranshe ma "kwana goma sha biyar" yake cewa idan yana nufin mako biyu. Wanda ya koya wa manhaja fassara lambar kai tsaye zai kuskure da kwana ɗaya ko biyu a kowane alkawari.

Kalandar Musulunci ta zo da abin da lissafi kaɗai ba zai warware ba. Shekararta kwana 354 ko 355, wata kwana 29 ko 30, kuma farkon wata da gani ake tabbatar da shi. A nan mutane da yawa sanarwar ofishin Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, suke jira kafin su ɗauki azumi ko su sauke. Manhajojin da ke juya Hijiriyya zuwa Miladiyya galibi kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya suke bi, ko wani lissafi tsayayye, kuma suna iya bambanta da abin da aka sanar a Gana da kwana guda. Bashin da aka ce "kwana uku bayan ƙaramar Sallah" ba shi da tabbatacciyar rana sai daren da aka ga wata. Idan kuma malami ya rubuta 12/3/1447 yana nufin sha biyu ga Rabi'ul Awwal, makarancin da bai san Hijiriyya ba zai karɓa hannu biyu, ya ajiye shi a shekarar Miladiyya ta 1447, shekara 35 kafin Turawan Fotugal su gina ganuwar Elmina a 1482.

Akwai wani tarko da ya keɓanta da mu masu rubuta manhaja a Gana, kuma ina son ƙannena da ke koyon aikin su ji shi da kyau. Layin Girinwic, inda ake fara auna agogon duniya, ya ratsa ta garin Tema a nan Gana, agogonmu shi ne agogon da duniya ke aunawa da shi, ba ma ƙara sa'a ba ma ragewa duk shekara. Wannan ni'ima ce mai rufe ido. Duk kuskuren da ya shafi bambancin agogo ba ya bayyana a kan kwamfutarka, tunda bambancin sifili ne. Misali, a JavaScript, yaren shafukan intanet, idan ka ba da "1957-03-06" babu lokaci, ana ɗaukarsa sha biyun dare a agogon duniya. A Kumasi zai nuna shida ga Maris lafiya lau. Ɗan'uwa a unguwar Bronx ta New York, inda 'yan zango da yawa suke zaune, ya buɗe shafin nan, sai ya ga biyar ga Maris, domin can dare bai raba ba tukuna. Kai ba za ka taɓa gani ba sai ya kira ka. Yamai da Kano suna gabanmu da sa'a ɗaya, Makka da uku, Dubai da huɗu, Guwanzu ta Sin da takwas. New York tana bayanmu da sa'a biyar lokacin sanyinsu, huɗu daga Maris zuwa farkon Nuwamba. Landan da mutane ke zaton kullum agogonmu ɗaya, daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba tana gabanmu da sa'a guda. Gajerun sunayen agogo ma ba abin dogaro ba ne, IST na iya zama Indiya, ko Isra'ila, ko Ayalan. Abin da ya fi aminci shi ne sunan yanki da gari kamar yadda yake a taskar agogunan duniya, Africa/Accra ko Africa/Niamey.

Tsakanin kwamfuta da kwamfuta an daɗe da samun magani. Ƙa'idar ISO 8601, wadda ta fito a 1988, ta ce a fara da shekara mai lamba huɗu, sai wata, sai rana: 1957-03-06. Ba ta da fuska biyu, kuma idan aka jera ranaku bisa haruffa da kansu suke bin tsarin lokaci. Duk abin da zan ajiye ko in tura wa wata manhaja a haka nake rubuta shi, kuma makarancin da ke wannan ƙofa tsattsaura ne, abin da ya saɓa ya mayar. Amma ba zan ce wa direban da ya kwana a bakin iyakar Paga ya rubuta mini haka ba. Shi ya rubuta yadda ya saba, wahalar fahimta tawa ce.

Bayan abin da ya faru da dattijon nan na rushe ɓangaren na sake gini. Yanzu rubutun asali ba ya ɓacewa, yana zaune kusa da ranar da aka fassara, tare da lokacin da aka rubuta shi da wanda ya rubuta. Tsarin rana kafin wata ba zato ba ne kuma, na kafa shi ga kowane magatakarda, kuma idan layi ya saɓa masa manhajar tsayawa take yi maimakon ta juya. Idan an haɗa da sunan rana tana amfani da shi ta tantance. Shida ga Maris 1957 Laraba ce, uku ga Yuni na shekarar Litinin ce, don haka kalmar "Laraba" kaɗai ta isa ta kashe gardama. Kafin a ajiye komai tana maimaita wa mai shigarwa da kalmomi, da sunan wata a rubuce: "Huɗu ga Mayu, haka ne?" Da farko magatakardan ya yi ƙorafin tambayoyin sun yi yawa, kuma yana da gaskiya, manhajar da ke tambaya a kan komai mutane danna "e" kawai za su riƙa yi ba su karanta ba. Na rage, ba ta tambaya sai inda fuska biyu take da gaske. Saƙon tunin bashi kuwa ba ya fita sai mutum ya duba da idonsa ya amince.

Wani abu da na koya daga baya shi ne kwamfuta tana iya ajiye rashin tabbas in an ba ta dama. Dattawanmu da yawa ba a rubuta ranar haihuwarsu ba. Za su ce maka shekarar da aka yi girgizar ƙasa a Akra, wato 1939, ko lokacin samun 'yanci, ko da azumi. Akwatin da ke tilasta rana da wata da shekara yana sa mai cikewa ya ƙirƙiro, shi ya sa ɗaya ga Janairu ta yi yawa a takardun tsofaffi. A 2019 an ƙara wa ƙa'idar ISO 8601 kashi na biyu, wanda ya ɗauko wani tsari da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya tsara. A cikinsa 1957~ na nufin wajen 1957, 1957? na nufin ana zato, 195X na nufin wata shekara a cikin goman nan. Wannan ya fi dacewa da yadda iyayenmu ke magana, kuma da shi nake ajiye ranakun da ba a tabbatar ba.

Alkawuran da suka rataya a kan wata kuwa na buɗe musu wuri na daban. Layin da ya ce "bayan Sallah da kwana uku" yana zaune a nan babu ranar Miladiyya a gabansa. Daren da aka sanar da ganin wata, magatakarda zai shigar da rana guda, sai dukkan layukan su sami ranakunsu a lokaci ɗaya. Wanda har yanzu nake tattara saƙonni a kansa shi ne "Juma'a mai zuwa" idan an rubuta ta ranar Alhamis. Na tambayi dillalai a rumfa ɗaya, wasu suka ce gobe ke nan, wasu suka ce da gobe ake nufi da an ce gobe, don haka ta makon gaba ce. A kan wannan manhajar tana tambayar mai shigarwa kowane lokaci.